Cin rani a Yuma: daga ƙanƙarar Iowa zuwa bakin iyakar Meziko

Tunda na dawo abokan aiki suke ta tambayata wai ya Arizona, da gaske ne ana samun kuɗi a wannan aikin yawon, to gara in ba da labarin tun daga tushe kowa ya tsinci abin da zai amfane shi. Ni likitan fisiyo ne, gashin ƙashi dai da mutanenmu suka sani, a Kano na yi karatu na fara aiki, daga baya Allah ya kawo ni Amurka na ci jarabawar ƙasa ta 'yan fisiyo da ake kira NPTE na samu lasisi a jihar Iowa, ina zaune a Des Moines da iyali. Akwai wani tsari da ma'aikatan lafiya ke yi a nan, nas-nas da mu 'yan fisiyo da sauransu, kamfani ne zai ɗauke ka ya tura ka asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata a wata jiha, kwantiragin yawanci sati 13 ne, in ya ƙare ko a ƙara maka ko ka naɗe tabarmarka ka yi gaba.

Da zarar Oktoba ta kama duk 'yan yawon nan hankalinsu kudu yake komawa. Florida, kudancin Teksas wajen kwarin Rio Grande, Arizona, kudancin Kalifoniya, masu babban rabo kuma Hawaii. Akwai 'yan tsiraru da ke yin akasin haka, su nufi Colorado ko Utah ko Montana saboda wasan zamiya a kan ƙanƙara, amma yawanci gudun sanyi ake yi. Ejan ɗina bai ɓoye min komai ba, ya ce inda kowa ke rububi nan kuɗi ya fi ƙaranci, ya ajiye min aiki biyu a gabana, ɗaya a North Dakota mai kuɗi sosai, ɗaya a Yuma da ke jihar Arizona kusa da iyakar Meziko wanda bai kai dala 2,000 a sati ba in an haɗa komai. Na zaɓi Yuma ido buɗe, don gaskiya sanyin Iowa ya ishe ni, garin da za ka tashi da asuba ka tarar ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da digiri goma sha wani abu, sai ka kankare gilashin mota kafin ka ga hanya, ban ga dalilin da zai sa in ƙara matsawa arewa ba.

Maganar lasisi ita ce ta fi yanke hukunci. Akwai yarjejeniyar da ake kira PT Compact, jihohi da yawa sun shiga, in kana da lasisin jihar da kake zaune kuma tana ciki, sai ka biya kuɗi ta intanet ka samu izinin aiki a wata jihar da ita ma take ciki. Iowa na ciki, Arizona na ciki, abin da ya rage min kawai jarabawar dokokin aikin na Arizona. Kalifoniya ba ta ciki, ita sai ka nemi lasisinta daban ka zauna jira. Sannan ga 'yan'uwa masu niyya, wanda yake kan bizar aiki da ta ɗaure shi da asibiti ɗaya wannan yawon zai yi masa wuya, sai mai green card, wato katin zama na dindindin, ko ɗan ƙasa. Kuma kuɗin masauki da na abinci da ba a cire wa haraji, wanda shi ne romon aikin, sharaɗinsa sai kana da gidanka na asali da kake ci gaba da biya, wato haya biyu kake ɗauka a lokaci guda. Wanda bai gane wannan ba sai ya ga lamba a takarda ya ninka da canjin naira ya ɗauka an gama da talauci.

Na bar gida ranar 2 ga Janairu 2025 bayan sallar asuba, don masu hasashen yanayi sun yi ta gargaɗin cewa babbar guguwar ƙanƙara na tafe tsakiyar ƙasar a ƙarshen satin. Uwargida ta cika min but da kayan da ta san ba zan samu can ba, kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, garin masara, dambun nama cikin roba, da tukunyar shinkafa ta lantarki. Ta ce Baban yara ka dinga tsayawa kana hutawa, kar ka ce sai ka kai. Yara suna barci ban tashe su ba, na dai tofa musu addu'a na fita.

Titin I-35 na ɗauka kudu, Kansas City, sai filayen ciyawa na Kansas inda za ka yi tafiya mai nisa ba gida ba bishiya sai shanu baƙaƙe jefi-jefi. Titin nan na biyan kuɗi ne amma ba wanda zai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a aiko maka da bil daga baya. Na kwana a wani ƙaramin otal a gefen Oklahoma City, wajen dala 75, mai kuma a can ya fi ko'ina araha a duk tafiyar, galan bai kai dala 3 ba.

Washegari Juma'a na juya yamma kan I-40 da niyyar in riski salla a Amarillo, kuma na riska. Kafin ka shiga garin fankokin samar da lantarki ne ko ta ina har iya ganinka, ga iska mai ture mota, ga warin garken shanu da ake kiwatawa dubbai a wuri ɗaya, wanda ko gilashi a rufe sai ya shigo. Abin da ban zata ba shi ne yawan 'yan Afirka a masallacin, 'yan Somaliya da Sudan har da mutanen ƙasar Bama ta Asiya, wato Myanmar, akasarinsu a kamfanonin yankan nama suke aiki. Ana fitowa ina saka takalmi na ji wani a bayana yana waya da Hausa, Hausar Kumasi, yana cewa wallahi lodin bai sauka ba tukun. Na jira ya gama na yi masa sallama. Dattijo ne direban tirela, daga Ohio ya ɗauko kaya zai kai Kalifoniya. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce ƙanina daga ina, na ce Kano Alhaji, ya ce kakansa ma fatauci ne ya kai shi Gwanja daga ƙasar Kano bai koma ba. Ya ja ni wani shagon 'yan Somaliya muka ci shinkafa da naman akuya da ayaba a gefe, ya hana ni biya. Da ya ji aikina sai ya fara nuna min bayansa, shekara da shekaru a kujerar tirela, ciwo na sauka ta bayan cinya har ɗan yatsa. A filin ajiye motoci na nuna masa motsa jiki kala biyu da zai dinga yi duk inda ya tsaya shan mai, na kuma ce masa in ƙafar ta fara mutuwa ko fitsari ya fara ƙwace masa kar ya jira, asibiti kai tsaye. Shi kuma ya ba ni tasa shawarar, ya ce kar in kuskura in bar tanki ya sauka ƙasa da rabi daga nan har Arizona, kuma in na je Yuma kar green card ɗina ya bar aljihuna ko shago zan je.

Ana shiga New Mexico agogo ya koma baya da awa ɗaya. Na kwana a Albuquerque, na wuce ta Gallup da gefen ƙasar ƙabilar Navajo, jajayen duwatsu, jiragen ƙasa na kaya masu tsawon da sai ka gaji da kallo. A daren da na sauka Flagstaff uwargida ta kira ta ce in kunna labarai, ashe guguwar ta sauka, hanyar Kansas da na bi ta zama gilashi, motoci sun yi ta zamewa, washegari kuma dusar ƙanƙara ta binne Kansas City har aka rufe manyan tituna. Na yi hamdala sosai.

Flagstaff ta ba ni mamaki. A raina Arizona sahara ce da zafi, sai ga ni a gari mai tsayin sama da mita 2,000, cikin daji na dogayen bishiyoyi kore shar, sanyi ƙasa da sifili, ruwan da na bari a mota ya daskare. Mai otal ta ce min ai bana ma ƙanƙara ta yi jinkiri, a wasu shekarun garin na cikin waɗanda suka fi samun dusar ƙanƙara a duk Amurka. To daga nan ne abin kallo yake. Titin I-17 yawanci gangara ce zuwa Phoenix, cikin awa biyu da 'yan kai ka sauko daga mita 2,000 zuwa ɗari uku da wani abu, kunne na toshewa yana buɗewa, na fara da jaket da hula da safar hannu da hita a kunne, kafin in kai ƙasa na cire su duka na sauke gilashi. Bishiyoyi suka ɓace, sai ga saguaro, dogayen itatuwan saharar nan masu ƙaya da hannuwa a sama, tsaye a kan tsaunuka, wasunsu sun haura shekara 150 kuma doka ta hana a sare su haka kawai. A Tempe na tsaya na yi salla a masallacin da aka gina da siffar Ƙubbatus Sakhra ta Ƙudus, na sayi naman halal mai yawa na zuba a kula da ƙanƙara saboda an gaya min a Yuma samunsa sai an sha wuya.

Daga Gila Bend titin I-8 miƙaƙƙe ne cikin fako. Na tsaya a Dateland, ɗan wuri ne da gidan mai da gonar dabino, na sha abin da suka shahara da shi, dabino da aka markaɗa da madara mai sanyi, kauri har tsinken sha ya tsaya a ciki. Sai aka hau wasu baƙaƙen duwatsu, ana gangarowa ta ɗaya gefen kawai sai kore ya buɗe. Gonaki a shimfiɗe layi-layi kamar an ja su da zare, latas da kabeji da burokoli, magudanan ruwa na siminti cike fal, a tsakiyar wurin da ruwan samansa na shekara bai kai milimita 100 ba, Agadez ma ta fi su samu. Duk daga kogin Colorado ake jawo ruwan. Wanda ya san Kadawa da Kura da ruwan Tiga lokacin noman rani zai gane abin da nake nufi, sai dai a nan an daidaita ƙasar da na'ura har ruwa ke tafiya daidai wa daida daga wannan kai zuwa wancan. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan kashi 90 cikin ɗari na ganyen salak da Amurka ke ci daga wannan yankin yake fitowa. Tafiyar gaba ɗaya ta haura kilomita 2,700, mai da otal da abinci sun ci min wajen dala 600, kamfani ya mayar min da wani ɓangare.

Masauki shi ne wahalar farko. Duk lokacin da kake son zuwa shi ne lokacin da tsofaffin arewacin Amurka da Kanada suke kwararowa gudun sanyi, dubun dubata, da motocinsu masu ɗaki da kicin a ciki, unguwar Foothills gaba ɗaya tasu ce. Tun watanni kafin lokacin sun kama duk wani ɗaki mai kyau. Ni dai na samu ɗan ƙaramin gida a bayan gidan wata tsohuwa, ɗaki ɗaya da kicin da bayi, da gado da firij, dala 1,500 a wata, wanda da zafi an ce min rabin haka ma ba mai ɗauka. Matar kirki ce, tana da bishiyar lemon tsami da ta lemon zaƙi a tsakar gida ta ce in tsinka yadda nake so. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka ta leƙo tana tambaya ko wani abu ne ya lalace a firij, da na ba ta ta ɗanɗana da tuwon masara ta cinye ta ce in rubuta mata sunan ganyen.

Yanayin kuwa hunturun Kano ne ba ragi. Da asuba sanyi wajen digiri 7 ko 8, da rana ya haura 20, sama tas ba gajimare, iska busasshiya, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, hanci ya bushe, sai na koma shafa man kaɗanya irin na yarinta. In iska ta taso ƙura ta rufe duwatsu. Yuma ce littafin Guinness ya rubuta a matsayin wurin da ya fi ko'ina samun hasken rana a duniya, sama da awa 4,000 a shekara, kuma na yarda. Rabon da in ji jikina ya saki haka a watan Janairu tun ina gida, gwiwata da ke min tsami a Iowa ta daina, barci ya daidaita, in na tashi aiki da sauran rana in taka a bakin kogi ƙarƙashin tsohon kurkukun garin da aka buɗe a 1876, yanzu ya zama gidan tarihi.

Wurin aikin asibitin je-ka-dawo ne, ba kwanciya. Rabin yini aka nuna min kwamfuta da inda kayan aiki suke, washegari aka cika min jadawali, haka aikin yawo yake, an ɗauko ka ne don ka rage layi. Wani lokacin marasa lafiya biyu a lokaci ɗaya, rubutun fayil kuma sai bayan an tashi. Wannan ya dame ni kuma na faɗa musu, don mai sabon aikin gwiwa ba a barinsa da na'ura a juya baya.

Mutane iri biyu ne suke shigo min, kuma bambancinsu ne abin da har yau yake min yawo a zuciya. Na farko tsofaffin nan baƙi. Canjin gwiwa, canjin ƙugu, kafaɗar da ta yage a wajen wani wasa mai kama da tanis da suke kira pickleball wanda suke bugawa tun safe, faɗuwa daga matakalar motar kwana. Suna da inshorar gwamnati ta tsofaffi, suna da lokaci, ba sa fashi. Akwai wani manomin alkama daga Montana, ya haura saba'in, aka canja masa gwiwa, da ya zo ma'aunina ya nuna digiri 85 kawai take lanƙwasuwa, tabon aikin ja ne a kumbure, in na tura sai ya damƙe gefen gado ya rufe ido gumi na tsattsafo masa amma ba zai ce in bari ba. Kullum da ɗan littafinsa a aljihun riga yana rubuta lambar da muka samu. Ranar da muka kai 120 ya miƙe ya rungume ni, ya ce yanzu zai iya hawa tarakta in ya koma. Na ji daɗin aiki da su ƙwarai, suna da hira, da yawansu ni ne ɗan Najeriya na farko da suka taɓa zama da shi.

Na biyu su ne masu yankan latas ɗin. Da yawansu a can ɓangaren Meziko suke kwana, su tashi tun tsakar dare su bi layin ƙofar iyaka ta San Luis, su hau fararen bas-bas masu jan bayin tafi-da-gidanka a baya, gari na wayewa suna cikin gona. Ina wucewa da safe ina ganinsu, jere a bayan wata na'ura mai fukafukai da ke tafiya a hankali, fuska a naɗe da ƙyalle, kowa a sunkuye. Wanda ya fi tsaya min wani bawan Allah ne ɗan shekara hamsin da wani abu, ciwon baya ya kawo shi ta inshorar rauni a wurin aiki. Ba ya jin Turanci ni ba na jin Sifaniyanci, wata ma'aikaciyarmu ce ke mana tafinta. Na ce ya nuna min yadda yake aikin. Ya sunkuya nan take, hannun hagu ya kama kan latas ɗin da babu, na dama ya shara wuƙa a gindi, ya fizge ganyen waje, ya miƙa sama, ya sake sunkuyawa, duk cikin 'yan daƙiƙu, kuma haka yake yi daga safe har yamma. Tafin hannunsa ya yi kanta, yatsunsa ba sa miƙewa sosai, naman gefen kashin bayansa da na taɓa ya ƙulle tamau. Nan take na tuno manoman da nake gani a Kano bayan damina, masu noma da gajeriyar fartanya, baya ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, har yadda suke dafa ƙugu in za su miƙe iri ɗaya ne. Ma'aikaciyar ta ce min ai kakanta da gajeriyar fartanya ya yi aiki a gonakin nan, sai a 1975 aka haramta ta a Kalifoniya bayan gwagwarmayar ƙungiyar ma'aikatan gona ta Cesar Chavez, wanda shi kansa haifaffen Yuma ne kuma a San Luis ya rasu a 1993.

Na koya masa ya dinga lanƙwasawa daga ƙugu da gwiwa maimakon tsakiyar baya, da yadda zai miƙe ya dafa ƙugu ya ɗan karkata baya duk lokacin da na'ura ta kai ƙarshen layi za ta juya, don nan ne kawai yake da sarari. Ya samu sauƙi. Amma bai gama zuwa ba, ya ce min likita duk ranar da na zo nan ranar ba ni da kuɗi, kuma kakar ta kusa ƙarewa. Ban da abin ce masa. Na buga masa hotunan motsa jikin a takarda da bayani da yarensu, na roƙi a dinga ba irinsu lokacin ƙarshe na yamma, aka yi na ɗan lokaci. Gari ɗaya, rana ɗaya, wasu sun zo ta warkar da su wasu kuma a ƙarƙashinta bayansu ke ƙarewa, kuma waɗanda suka fi buƙatata su ne na fi gani kaɗan. Duk wanda zai zo Yuma ko kwarin Rio Grande ko kudancin Kalifoniya don wannan aikin, don Allah ya koyi Sifaniyanci ko na gaisuwa da sunayen gaɓoɓi ne, ranar da na fara tambayar ina ke ciwo da bakina na ga yadda fuskokinsu suka canja.

Maganar Alhaji ta kati ta tabbata. Akwai shingen jami'an tsaron iyaka a kan I-8 gabas da gari, a cikin ƙasa fa, ba a bakin iyaka ba, duk mai tafiya wajen Phoenix in a buɗe yake sai ya bi ta ciki. Rumfa ce babba, kyamarori, kare na zagaya motoci yana shinshina. Jami'in ya leƙo ya tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne, na ce a'a mazaunin dindindin ne, na miƙa kati, ya duba ya dube ni, ya tambayi abin da nake yi a Yuma, na nuna masa katin aiki, ya ce in sauka lafiya. Minti biyu bai cika ba. Na saba da shingaye a gida, daga Kano zuwa Kaduna ka san nawa za ka wuce, ka san gaisuwar da za ka yi da wasan da za ka ja, wani lokacin da ɗan na goro. Nan ba mai neman sisinka kuma ba a yi min wulaƙanci ba, amma gabana ya fi faɗuwa, saboda a gida ko me aka yi ƙasarka ce, a nan kuwa aikinka da makarantar yaranka da komai a jikin ɗan katin nan suke rataye, ga shi lokacin an canja gwamnati maganar baƙi ta yi zafi. Shi ya sa ma ban tsallaka Los Algodones ba, ɗan garin Meziko da ke cike da likitocin haƙori da shagunan tabarau da magani, inda tsofaffin ke ajiye mota su taka da ƙafa saboda araha. Na kai bakin wurin na ga layinsu na juyo. Ta ɓangaren Kalifoniya kuma wani shingen ne daban, su 'ya'yan itace kawai suke tambaya saboda ƙwarin gona. Gaba kaɗan akwai tuddan yashi na Imperial, rairayi zalla, na cire takalmi na hau na yi la'asar a sama.

Azumi ya kama farkon Maris, zafi ya fara leƙowa, wasu ranakun ya haura 30. Masallacin garin ƙarami ne, yawanci likitoci ne da iyalansu, 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka kaɗan, ana haɗuwa buɗa baki a ƙarshen sati kowa ya kawo abin da ya dafa, ni kunun gyaɗa na kai kuma bai kwana ba. Dabino kuwa ban taɓa cin irinsa ba. Medjool ne, manya, laushi, a gonar da aka tsinke shi kake saya, asalinsa daga Maroko aka kawo 'yan tsirai 11 a 1927 lokacin da cuta ke kashe na can, yanzu ga shi ya cika Yuma da kwarin Bard. Na saba da busasshen dabinon Agadez mai ƙarfi da ake jiƙawa, wannan kuwa biyu sun isa buɗa baki. Amma sahur kai kaɗai a ɗaki da nauyi, sallar idi kuma ta same ni can a ƙarshen Maris, yara suka yi kwalliya suka nuna min ta waya, ƙaramar ta tambaye ni Abba yaushe aikin zai ƙare. Wannan ba ya cikin lissafin da ejan ke turo maka.

Kafin lokacin garin ya fara watsewa. Motocin tsofaffi sun kama hanyar arewa a jere, kamfanonin latas suna loda na'urorinsu a tirela za su koma Salinas ta Kalifoniya inda ake noman bazara, jadawalina ya fara samun gurbi. An yi min tayin ƙari da kuɗi mafi tsoka, don da zafi ba mai son zama, garin da ke kaiwa digiri 45 har an taɓa auna 51 a 1995, na yi godiya na ce iyali na jira. Na dawo ta Tucson da Las Cruces, wani shingen a arewa da garin, kati, a sauka lafiya, sauran hanyar tuƙi ne kawai.

Da na zauna na yi lissafi, bayan haya biyu da mai da abinci da kuɗin izinin aiki, abin da ya rage ya fi albashina na zaune amma ba da nisa can ba, North Dakota da ta ninka min ribar. Wanda bashi ya dame shi ya nufi inda ake sanyi, wanda jikinsa da ransa suka gaji da duhu da ƙanƙara ya nemi kudu, ya fara neman ɗaki tun Satumba, ya tambayi marasa lafiya nawa zai gani a rana kafin ya sa hannu, ya sa a rubuta masa awannin da aka lamunce masa a sati. Ni dai na riga na gaya wa ejan ya sa min ido a kan kwarin Rio Grande hunturu mai zuwa, Teksas ma tana cikin yarjejeniyar lasisin, kuma na ce masa asibitin da ke ganin ma'aikatan gona nake so. Na yi rajistar ajin Sifaniyanci na yamma a nan Des Moines, muna kuma duba yadda iyali za su biyo ni ko da lokacin hutun makaranta na Disamba ne.